Layin keke a Legas: a tilasta bin sa ko a bar wa mai keke zaɓi?

Malam Garba, Idi-Araba (shugaban zaure):
Assalamu alaikum jama'a. Tun da gwamnatin Legas ta hana okada a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland ranar 1 ga Yuni 2022, ta kuma ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Kosofe da Shomolu a watan Satumba na wannan shekarar, yaranmu da dama sun koma keke, musamman masu kai abinci da saƙo. Direbobi na ƙorafin cewa masu keke sun cika musu titi, masu keke kuma na cewa ana matse su har bakin kwata. Abin da za mu tattauna shi ne: duk inda aka ware layin keke, ya kamata doka ta ce dole mai keke ya bi shi, ko a bar masa zaɓi? Kowa ya zo da hujja. Ban da zagi, ban da siyasa.

Alhaji Ɗanlami, Apapa:
Wa alaikumus salam Malam. Ni a gani na dole ne, kuma dalilina na gani ne, ba na son rai ba. Tun 1972 muke tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu yana hagu. Direban tirela yana zaune can sama a hagu, mai keke kuma yana ƙasa a damansa, daidai wurin da ido ba ya kaiwa. Daga ƙofar fasinja zuwa tayoyin bayan kan motar akwai wurin da madubi ba ya kamawa, haka ma gaban bamba. Kwantena mai ƙafa 40 tsawonta ya haura mita 12, idan ka haɗa da kan mota kana maganar kusan mita 16. In za ta sha kwanar dama, sai direba ya fara buɗewa hagu tukuna. Yaron da ke kan keke sai ya ga fili ya buɗe, ya shige. Tayoyin baya kuma ba sa bin sawun na gaba, yankowa ciki suke yi, su rufe filin nan. Wallahi direba ba zai ma ji komai ba sai ihun mutane. A raba mu da su kawai, kowa ya san wurinsa.

Injiniya Bashir, Ogba:
Alhaji, duk abin da ka faɗa game da tirela gaskiya ne. Amma kafin mu ce dole, mu tsaya mu ga mene ne ake kira layin keke, don abubuwa uku ne daban ake ba suna ɗaya.

Akwai fenti kawai, farin layi a gefen kwalta da hoton keke. Akwai wanda aka katange da dakalin kankare ko sanduna, yana gefen titi amma mota ba ta iya shiga. Akwai kuma hanyar keke mai zaman kanta, wadda ta rabu da titi gaba ɗaya. Na farkon nan ba ya tare mota ko ta taku ɗaya.

Ga lissafin faɗi. Kan keke yana tsakanin santimita 60 zuwa 75. Keke ba ya tafiya a miƙe sak, yana ɗan karkacewa, musamman wajen tashi da hawan tudu, shi ya sa ake lissafa wa mai keke ɗaya mita 1 cur. Ƙa'idar zanen hanyoyin keke da Birtaniya ta fitar a 2020 ta ce layi mai hannu ɗaya ya kai mita 2, in wuri ya yi matsi ƙwarai kada ya gaza mita 1.5. Mai hannu biyu mita 3. In akwai motoci a ajiye a gefe, sai an ƙara tazara, don ƙofar mota idan aka wangale ta tana cin kusan mita 1. Kuma ba a lissafa bakin kwata a cikin faɗin.

To ka ɗauki layin da ɗan kwangila ya ja da fenti, faɗinsa mita 1 ko ƙasa da haka, rabinsa yashi, ƙarshensa kwata a buɗe. In ka tilasta wa mutum zama a ciki, ka sa shi a wuri mafi haɗari a titin, ka kuma ba direba dalilin wucewa daf da shi, tunda a ganinsa muddin bai taka farin layi ba bai yi laifi ba. Ra'ayina: dole ta hau kan layin da ya cika ƙa'ida kaɗai, sauran a bar zaɓi.

Baba Usta Mai Keke, Agege:
Injiniya ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Bari in faɗa muku abin da gefen titi ke yi wa keke, don kekunan da ake kawowa gyara su ne shaida.

Tayar mota tana share titi, duk ƙusa da fasasshiyar kwalba da guntun waya sai su taru a gefe. Layin keken da ba a sharewa ya zama juji. Facin ƙusa rami ɗaya ne. In ka ga ramuka biyu a jere a jikin tiyub, wannan ba ƙusa ba ce, taya ce ba iska sosai ta daki bakin rami ko gefen silab, rim ya cije tiyub. Babban keke irin namu na da, Raleigh ko Phoenix mai taya 28, yana son iska awo 50 zuwa 60 a ma'aunin masu faci. Mai ƙatuwar taya 26 ya isa a 40 zuwa 50. Sirara na 'yan tsere 80 zuwa 100. Yawancin yaran nan da yatsa suke gwadawa, shi ya sa kullum suna wurin faci.

Sai murfin magudana na ƙarfe. In sandunansa suna kwance a tsawon titi, wato suna bin yadda titi ya miƙe, sirariyar taya mai milimita 25 ko 28 tana faɗawa tsakani, keke ya tsaya cak, mutum ya wuntsila ta kai. Dole sandunan su gitta hanya. Silab ɗin kwata ma haka, in an bar tsaga tsakanin biyu.

Yashi kuwa, in ka ja birkin gaba a kansa, ko ka karya kwana, tayar gaba ce ke zamewa, kuma wanda tayarsa ta gaba ta zame ba ya samun damar gyarawa. Da damina, watan Yuni da Yuli, ruwa a gefe yake kwanciya, ya rufe ramin da ke ƙasa. Ta yaya za a ce wa mutum dole ya bi cikin ruwan da bai san zurfinsa ba?

Malam Isa, malamin tuƙi, Ketu:
Baba Usta, Allah ya ƙara lafiya. Amma ku dubi ɓangaren gudu ma. Ƙa'idar gudu a cikin gari kilomita 50 ce a awa. Motar da ke wannan gudun tana cin kusan mita 14 a sakan ɗaya. Kafin direba ya ga abu ya ɗaga ƙafa zuwa birki, sakan ɗaya ya wuce, mita 14 kenan. Birkin kansa a busasshiyar kwalta da taya mai kyau wasu mita 14. Jimilla wajen 28. Mai gudun 30 kuwa, mita 8 na tunani, 5 na birki, ya tsaya a 13. Wato inda mai 30 ya riga ya tsaya, mai 50 bai ma fara taka birki ba.

Yanzu ku ɗora wannan a kan babban hannun titin Ikorodu ko hanyar Apapa zuwa Oshodi lokacin da babu gosulo, inda ake wuce 50 nesa ba kusa ba. Keke yana 15 zuwa 20. Tazarar gudun ta yi yawa, ba yadda za a yi su haɗa hannu ɗaya lafiya. A irin waɗannan titunan ni ina tare da Alhaji.

Injiniya Bashir:
Malam Isa, a nan ba mu saɓa ba. Titin da gudunsa ya kai 50 ko ya wuce, kuma manyan motoci ke binsa, keke na buƙatar katanga, ba fenti ba. Titin unguwa kuma, inda za a iya sauke gudu zuwa 30 da tudun rage gudu, ba ya ma buƙatar layin keke, kowa ya bi tare. Taron ministoci kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a Fabrairun 2020 ma 30 ɗin ya nema a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa da masu keke.

Nura, mai kai saƙo, Surulere:
Iyayena ku yi min afuwa, zan sa baki. Abin da ya fi damun mai keke a hannun dama ba tirela ba ce, danfo ne, wato ƙaramin bas ɗin haya. Ƙofarsa a dama take, fasinjansa a dama yake, duk inda aka ɗaga hannu nan zai yanko ya tsaya, sau da yawa ba sigina. Kwandasta yana rataye a ƙofa, fasinja na dirowa tun mota ba ta gama tsayawa ba. Duk wannan a cikin layin keke zai faru.

Yadda ake tsira shi ne: ka riƙa kallon tayar gaba ta danfo da hannun kwandasta, ba fitilarsa ta baya ba, don da yawa ba ta kamawa. Da ka ga tayar ta fara karkata, ka sassauta, ka waiga ta kafaɗar hagu, ka miƙa hannu, ka fita ka wuce shi ta hagu da tazarar kamar mita ɗaya. Kada ka taɓa shiga tsakaninsa da kwata. To wannan fitar da ta cece ka, ita ce dokar dole za ta mayar laifi. A tsakanin tasha biyu sau nawa za ka karya doka kenan?

Alhaji Ɗanlami:
Ɗana, ai sai a hana danfo tsayawa a layin.

Nura:
Alhaji, da wa za a hana shi? Layin manyan bas na BRT ma da aka yi masa dakali tun 2008, kuma doka ta hana kowa shiga, kowa ya san ana shiga.

Barista Hadiza, Ikeja:
Bari in kawo yadda wasu ƙasashe suka warware, don ba mu ne farkon yin wannan gardamar ba.

A Jamus da can duk inda hanyar keke take dole ne a bi. Daga Oktoban 1998 suka canza: dole tana aiki ne kawai inda aka kafa shuɗin allo mai da'ira da hoton keke. In babu allon, kana da zaɓi. Sannan a Nuwamban 2010 babbar kotun harkokin gudanarwa ta tarayya da ke Leipzig ta yanke cewa hukuma ba ta da ikon kafa allon nan sai inda yanayin wurin ke da haɗari na musamman wanda ya zarce na kullum. Wato nauyin kawo hujja yana kan hukuma. Faransa ma alluna biyu gare ta, mai da'ira na dole, mai kusurwa huɗu na shawara. Holan, wadda kowa ke buga misali da ita, tana da hanyoyin dole, amma tana da waɗanda ba dole ba, kuma nasu an gina su ne yadda ba wanda zai so ya fita. Birtaniya kuwa ba ta tilasta ba sam. Littafinsu na ƙa'idojin hanya da aka sabunta a Janairun 2022 ya bar wa mai keke ya duba da kansa, ya kuma umarci direba ya bar aƙalla mita 1.5 in zai wuce keke a gudun cikin gari. Jamus ta sa irin wannan a doka a 2020, mita 1.5 a gari, mita 2 a wajen gari.

Abin da ya fi tsaya min a rai a matsayina na lauya shi ne ranar da aka yi haɗari. In doka ta ce dole ba tare da togaciya ba, mota ta buge yaro yana taku biyu a wajen layi saboda an ajiye janareto a ciki, tambayar farko da za a yi ita ce me ya fitar da shi. Lauyan direba da kamfanin inshora za su ce da sakacinsa a ciki, a rage diyya ko a hana. Wanda ya fi rauni a titin shi zai ɗauki laifi.

Malam Isa:
Barista, Allah ya ja zamaninki, amma kada mu mayar da masu keke waliyyai. Suna bin wan-we, suna tsallake danja, da daddare ba fitila ba komai, ga waya a kunne. Bin wan-we ɗin nan suna ganin dabara ce don suna kallon motar da ke zuwa. Kuskure ne babba. Mota na 50, kai kana 20 a hannu ɗaya, tazarar 30 ce. In kun fuskanci juna ta zama 70. Kuma direban da ke fitowa daga lungu zai shiga dama, hagunsa kawai yake kallo, don daga nan motoci ke zuwa. Bai sa ran wani abu daga dama ba.

Barista Hadiza:
Na yarda ɗari bisa ɗari, Malam. Sai dai waɗannan laifuka ne masu zaman kansu, a hukunta su da sunansu. Tilasta bin layi ba zai kunna wa kowa fitila ba.

Hajiya Rabi, Mile 12:
Ni kuma ku ji ta bakin 'yan kasuwa. Kuna ta maganar mota da keke, kun manta da mu masu tafiya a ƙasa. Yawancin titunan nan babu inda mutum zai taka. Inda aka yi, an kasa kaya a kai ko an ajiye mota. Duk ranar da aka gina layin keke mai santsi a gefen kasuwa, kafin la'asar masu dako da baro sun shiga, mai ruwa da kurarsa ya shiga, mata masu tire a ka sun shiga, don ya fi musu aminci da tsakiyar titi. Kuma ba za ka ga laifinsu ba. Kwandon tumatir da buhun albasa daga mota zuwa rumfa ta ina za su bi? In ba a fara gyara wa mai ƙafa wurinsa ba, layin keke sunansa kawai zai zama na keke. Sannan ku tuna mai keken nan in an cusa shi cikin mutane, mu zai riƙa bugewa.

Injiniya Bashir:
Hajiya ta faɗi abin da ya kamata a fara da shi. Tsarin da ya dace daga bango zuwa tsakiyar titi shi ne: wurin kasa kaya in kasuwa ce, hanyar ƙafa aƙalla mita 2 wadda ba komai a kanta, layin keke, tazara ko dakali, sannan motoci. Kwata a rufe ta da silab mai kyau, ta zama ɓangaren hanyar ƙafa. Layin a karkata shi kaɗan, kashi 2 cikin 100, don ruwa ya gangara, a kuma bar ƙofofi a jikin dakalin don ruwan titi ya wuce, in ba haka ba ka gina kududdufi. Gwamnatin jiha tana da manufa a rubuce kan masu tafiya a ƙasa da masu keke tun 2018, kuma titin Wempco da ke nan Ogba an yi masa layin keke. Amma guntun layi a titi ɗaya ba ya kai mutum ko'ina. Wanda ya taso daga Agege zai je Ikeja yana buƙatar layin da ya haɗe daga farko zuwa ƙarshe.

Matsalar danfo da Nura ya kawo tana da magani a zane. Ana zagayar da layin keke ta bayan tasha, a yi wa fasinja tsibiri mai faɗin kamar mita 2.5 tsakanin layin da titi. Mota ta tsaya a titi, fasinja ya sauka a tsibiri, keke ya wuce ta baya. Yana cin fili, shi ya sa ba ko'ina zai yiwu ba.

Ga kuma wata wahala tamu ta gida. Ana kafa sanduna a bakin layi da tazarar mita 1.5 don hana mota shiga. Amma Keke Marwa, wato Keke Napep, faɗinsa kusan mita 1.3 ne, zai shige abinsa. In ka matse tazarar ta koma mita 1.2 ka hana Marwa, sai ka takura wa keken guragu mai ƙafa uku da mai ɗauke da faffaɗan kaya. Babur kuwa babu sandar da za ta hana shi, duk inda keke ya shiga zai shiga. Wannan sai dai jami'i.

Baba Usta:
Jami'in nan shi ne abin tsoro ai. Keke ba lamba, ba lasisi, ba takarda. Ta yaya za a ci mutum tara in ba a ƙwace keken ba? Kuma wanda aka ƙwace wa keke da abincin mutane a akwati a bayansa, kowa ya san yadda maganar za ta ƙare a bakin titi. Kada mu buɗe wata sabuwar kafar karɓar na goro da hannunmu.

Alhaji Ɗanlami:
To na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min maganar kwana. Ko da katanga, ai a mahaɗa katangar ƙarewa take yi.

Injiniya Bashir:
Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma amsarta ba ta goyi bayan dole ba. Layin keke yana ajiye mutum a can dama. A mahaɗa, mai keken da zai miƙe yana daman motar da za ta karya dama. Hanyoyinsu sun gitta kenan, kuma shi yana wurin da ka ce ba a gani. Layin da aka yi shi da kyau a tsawon titi aka yi watsi da shi a mahaɗa, ya kai mutum ne har bakin haɗarin.

Gyaran iri uku ne. Ko a janye mashigar keke baya da kamar mita 5 daga bakin kwana, tsawon ƙaramar mota ɗaya, a sa ɗan tsibiri a kusurwa, yadda direba zai rage gudu ya karyo, ya tarar da mai keke a gabansa ba a gefensa ba. Ko a ba keke nasa lokacin a danja, ya tashi kafin motoci da 'yan sakanni. Ko a ja wa keke layin tsayawa a gaban motoci. Na ukun nan bai isa ga tirela ba sai an ja shi gaba sosai, saboda makantar gaban bamba da ka ambata. Inda ba a yi ko ɗaya ba, abin da ya fi aminci shi ne mai keke ya fito daga gefe tun kafin mahaɗa, ya tsaya a tsakiyar hannun, bayan mota, inda kowa ke ganinsa.

Su ma manyan motoci da nasu gyaran. Landan ta wajabta musu ƙarfen kariya a gefe da ƙarin madubai tun 2015. Ƙarfen nan yana toshe sararin da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, ya ture mutum waje maimakon ya faɗa ƙarƙashi. Maƙerin walda zai iya yin sa.

Alhaji Ɗanlami:
Ƙarfen gefe ba abu ne mai wuya ba, sai dai a duba tsayinsa daga ƙasa saboda ramukan hanya, kada ya riƙa kartar ƙasa. Amma ku gaya wa yara: in ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Kuma tirelar da ta buɗe hagu a kusa da kwana, dama za ta shiga. A tsaya a bayanta.

Nura:
Akwai kuma juyawa hagu. Wanda aka kulle a layin dama, ta ina zai shiga hagu a titi mai hannu uku? Hanya mafi sauƙi ita ce a yi ta sau biyu. Ka miƙe ka tsallaka mahaɗar ta dama, ka tsaya a kusurwar can, ka juya kan keken ya kalli hagu, ka jira danjar wancan ɓangaren. Ya fi jinkiri amma ba ka yanka gaban kowa ba. Sai dai ana buƙatar ɗan wurin tsayawa a kusurwar, wanda galibi Marwa ne ke lodi a kai.

Malam Garba:
Wani ya turo min tambaya ta gefe: me zai hana a bar keke ya bi layin BRT?

Malam Isa:
A'a, kada ma a fara. Bas ɗin faɗinsa wajen mita 2.5 ne, layin kuma an katange shi, babu inda zai kauce ya wuce keke. Ko dai ya bi bayansa a hankali, amfanin BRT ya tafi, ko ya matse shi da dakali. Inda layin yake tsakiyar titi kuma, kamar daga Mile 12 zuwa Ikorodu, shiga da fita kaɗai ya isa haɗari.

Baba Usta:
Gadoji ma a cire su daga lissafi sai an yi musu shiri. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce, ba inuwa, ba mai faci, ga iskar ruwa tana bugun mutum ta gefe, ga mahaɗan ƙarfe da ke kama taya. Manya za su tuna marigayi Ojo Maduekwe, lokacin yana ministan sufuri a farkon mulkin Obasanjo, ya yi ta kiran jama'a su koma keke, har bas ta ture shi a Abuja yana kan hanyar aiki. Minista kenan, da rana tsaka.

Barista Hadiza:
In da za a rubuta dokar, ga yadda nake ganin za ta tsaya da ƙafarta. Dole ta hau ne kawai kan layin da aka kafa wa allo na musamman, kuma kada a kafa allon sai layin yana da katanga, faɗinsa bai gaza mita 1.5 ba ban da kwata, an gyara mahaɗarsa, kuma akwai hukumar da aka ɗora wa shara da gyara da sunanta. A rubuta ƙarara cewa mai keke na iya fita in an toshe layin, ko ruwa ya rufe shi, ko ya lalace, ko zai wuce wani, ko zai juya. Tarar wanda ya ajiye mota ko kaya a ciki ta fi ta mai keken da ya fita nesa ba kusa ba. A hana ƙwace keke saboda wannan laifin. A kuma sa tazarar mita 1.5 a kan direbobi a duk titi, da layi ko babu.

Malam Isa:
Ni zan ƙara da hana keke hawa babban hannun tituna masu gudu inda akwai ƙaramin hannu a gefe, kamar titin Ikorodu. Wannan ba sai an jira an gina komai ba.

Injiniya Bashir:
Na yarda, da sharaɗin ƙaramin hannun ya ci gaba. A wuraren da yake katsewa ya koma cikin babba, kamar gindin gadar sama, dole a nuna wa mai keke inda zai bi.

Alhaji Ɗanlami:
Ni dai har gobe ina ganin togaciyar Barista ta yi yawa, kowa zai ce layin a toshe yake. Amma a hanyoyin tashar jirgin ruwa, Apapa da Tin Can da Ijora, ban yarda da zaɓi ba ko kaɗan.

Hajiya Rabi:
Baba Usta, kafin a gina duk wannan, yaran shago da ake aika da keke me za a sa musu?

Baba Usta:
Hajiya, fara da birki. Rim na ƙarfe mai ƙyalli, irin na tsofaffin kekuna masu birkin sanda, in ya jiƙe kusan ba ya kamawa a juyin farko. A koya wa yaro ya riƙa ɗan matsa birki tun da nisa don robar ta share ruwan. In da hali a sa rim na alminiyam. Robar birki in zanenta ya shafe a canza, kuma hannun birki kada ya taɓa kan keke in an matse shi, a bar sararin yatsa biyu. Farar fitila a gaba, ja a baya, a ɗaura ta bayan a jikin akwatin kaya ko kariya, wato maɗorin kaya na baya, don in tana ƙarƙashin sirdi akwatin rufe ta yake yi. Riga mai ƙyalli, ƙararrawa, hular kwano da aka ɗaure igiyarta. Kaya masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiyar kariya, kada a rataya leda a kan keke, tana shiga wayoyin taya ta kulle tayar gaba. Ya riƙa barin aƙalla rabin mita tsakaninsa da bakin kwata, mita ɗaya tsakaninsa da motar da ke ajiye. Iska kuma a duba ta da ma'auni duk mako.